Rasuwar Sannu-Sannu, Kwamfutar da Aka Share Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ya ƙarasa cike ɗan gurbin da ya rage mata, Sakatariya ta hawa na huɗu ke sanar da 'yan uwa, da surukai, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa da takarda a hannu yana neman a buga masa, cewa kwamfutarta, wadda aka fi sani da Sannu-Sannu, ta rasu ranar Alhamis ta makon jiya da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a kan teburinta da ke bakin taga, tana da shekara goma sha huɗu a duniya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ba wutar lantarki ce ta kashe ta ba, duk da cewa ta sha gwada sa'arta. Mijin ƙanwar Sakatariya ne ya kashe ta da hannunsa, yana cewa taimako yake yi.

Ga waɗanda ba su san Sakatariya ba sai dai gaisuwa a bakin matakala: shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya, shi ya sa sunan ya biyo ta har gida, har mahaifiyarta, Inna, da shi take kiranta. Ita ce ke zaune da Inna, ita ce ke juya ta a gado, ita ce kuma ta sayi marigayiya da guminta, ta hau da ita hawa huɗu a rungume, don ranar lif ɗin ginin ya lalace. Saboda haka ita ce mai makoki, kuma yadda ta faɗi abin, haka ya faru.

Marigayiya ba ta da sauri, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. In aka danna mata maɓalli da safe sai ta ce "ƙit", ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta tashi ko kada ta tashi, sannan fankarta ta ɗauka, "wuuu", cikinta ya fara "ƙur, ƙur-ƙur, ƙur". Minti goma sha ɗaya take ɗauka kafin ta buɗe ido. Sakatariya ta san da haka, ta tsara safiyarta a kai: ta danna, ta ɗora ruwan shayi, ta ba Inna maganin safe, ta dawo ta tarar allo ya haska. A shekara goma sha huɗu ba su taɓa samun saɓani a kan wannan ba. Masu gaggawa ne kullum ke ƙorafi, kuma ba kwamfutarsu ba ce.

Ta yi wa jama'a hidima ba tare da ta ware kowa ba. Ta buga takardar neman aiki ta mutum tara a dangi, huɗu sun samu, ko ɗaya bai dawo ya ce an gode ba. Ita ta buga wasiƙar da ta sa aka gyara famfon hawa na biyu bayan wata bakwai yana tsiyaya. Ita ta buga jawabin da shugaban masu haya ya karanta a taro, aka yi masa tafi, ya ce shi ya kwana yana rubutawa. An zuba mata shayi sau biyu, an ɗora mata tukunyar fure a ka, an cire mata waya tana tsakar aiki don a yi cajin wayar hannu, ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Washegari za ta ce "ƙit" ta tashi kamar ba a yi ba.

Gaskiya ne ta yi fama da ciwo a shekarunta na ƙarshe, kuma dangi ne suka shafa mata shi. Duk baƙon da ya zauna a gabanta sai ya bar mata tsaraba. Wannan ya sauke wasan kati, wancan ya sauke abin kallon ƙwallo, wata ta sauke abin da zai sa hoto ya yi haske. Layukan talla shida suka jeru a saman shafin intanet, har wurin karatu ya koma ɗan tsiriri. Akwai wani ɗan akwati a kusurwa da ke faɗin yanayin zafi na wani gari da babu wanda ya san inda yake. Akwai wata taga da ke faɗowa ƙarfe goma sha biyu daidai, "tin", tana taya Sakatariya murnar ta ci mota. Sakatariya ta san inda ake rufe kowacce ido a rufe. Tagar motar ma amfani take yi mata, da ita take sanin lokacin juya Inna ya yi. Ciwo ne da aka saba da shi, ana zaune da shi lafiya.

Amma babban aikin marigayiya, wanda saboda shi ake wannan sanarwa, shi ne littafin Inna. Shekara huɗu da suka wuce, wata rana da yamma, Inna ta jawo kujera ta zauna kusa da teburin ta ce, "Sakatariya, kin buga maganar manyan ofis shekara talatin. Yau buga tawa." Daga ranar, kullum ƙarfe huɗu, Inna na magana, yatsun Sakatariya na gudu, marigayiya na "ƙur-ƙur" tana haɗiyewa. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa: "Kada ki gyara min magana. Yadda na faɗa haka za ki sa, ko da a karkace ta fito." Shekara uku ana wannan zama, aka tara shafi ɗari biyu da goma sha huɗu. A ciki akwai sunayen ƙannenta uku da suka rasu tun suna ƙanana, waɗanda ba sauran mai ambatonsu a duniya. Akwai shekarar ambaliya. Akwai yadda ta koyi karatu a ɓoye tana da 'ya'ya biyu. Akwai abin da ta ce wa Baba ranar da ya fara zuwa wurinta sanye da takalmin aro da ya yi masa kaɗan.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, ya tafi da hannun dama da harshe. Tana ji, tana ganewa, amma kalma ko ɗaya ba ta fita. Tun daga nan aikin ya juya. Ƙarfe huɗu Sakatariya ke turo ta a keke zuwa bakin teburin, ta buɗe littafin, ta karanta mata maganarta. Awar nan ɗaya ce a duk yini da Inna ke ɗaga kai. In an zo wurin takalmin aro, kafaɗarta ta hagu kan girgiza, dariya ke nan. Likita ya taɓa tambaya me ake ba ta da har yanzu idonta ke da rai haka, aka ce masa karatu ake yi mata.

Yanzu ga maganar kwandon shara, tunda ta zama abin yi wa Sakatariya dariya a bayan ido. E, a cikin kwandon sharar kwamfuta take ajiye littafin. Ba mantuwa ba ce, ba kuma rashin sani ba ne, dabara ce ta wadda ta ga jiya a ofis. A ofis an fasa durowa a gabanta, an buɗe kabad, an karanta fayil mai jan tambari, amma a shekara talatin ba ta ga babban mutum ya sunkuya ya duba kwandon da ke ƙarƙashin tebur ba. In tana da takardar da ba ta so a gani, can take sa ta, ta ɗauko kafin mai shara ya shigo. A gida kuwa kowa mai buɗe-buɗe ne. Mutum zai zo buga takarda ɗaya, ka juya baya ka tarar yana cikin hotunanka. Inna ko ta faɗi abubuwan da ba na kunnen kowa ba ne tukuna. Sai Sakatariya ta riƙa ɗauko littafin daga kwando ƙarfe huɗu, ta mayar da shi ƙarfe biyar. Ba ta buga shi a takarda ba, don takarda a gidan nan ƙafa gare ta. Ba ta sa shi a fulash na ajiyar fayil ba, don fulash uku ta mallaka, duka ukun an ara ba a dawo da su ba. Shekara huɗu dabarar na aiki. Duk wanda yake ganin laifinta ne, ya hawo hawa huɗu ya faɗa mata ido da ido.

Ranar Alhamis ɗin da safe Sakatariya ta kai Inna asibiti ganin likita. Ta bar wa ƙanwarta makulli, saboda mijin ƙanwar zai rataya sabon labule a falo. Mutumin nan labule yake sayarwa, shagon labule gare shi, amma tun ranar da ya gyara rimot ɗin talabijin ta hanyar canza masa batir dangi ke kiransa Injiniya, shi kuma ya ɗauki abin da gaske. Ya gama rataya labulen, wanda har yau a karkace yake, sai ya ce bari ya buga awon tagogin wani mai saye. Ya danna marigayiya. Ta ce "ƙit", ta yi shirunta na kullum. Minti goma sha ɗaya ya yi masa yawa. Ƙanwar ta shaida cewa ta ce masa, "Ka bar mata kayanta, ka san halinta." Ya ce, "Ai gata zan yi mata. Ki zuba ido ki ga yadda za ta gode min."

Ya zauna daga goma na safe har biyu na rana, wayarsa a jingine da kofin shayi, wani mutum a cikin bidiyo yana gaya masa abin da zai danna. Ya cire layukan talla. Ya cire ɗan akwatin yanayi. Ya kori masu ba da mota. Duk wannan Sakatariya za ta iya yafewa, ko da yake ba ta saka shi ba. Sai mutumin bidiyo ya ce a zubar da kwandon shara. A rubuta wannan da kyau, a kuma karanta shi sau biyu: marigayiya ta tambaye shi. Ta fito da taga, "tin", ta nuna masa sunan abin da ke ciki, Maganar Inna, baro-baro, ta tambaya ko ya tabbata yana so a goge har abada. Baiwar Allah ta yi iyakar abin da kwamfuta za ta iya yi. Bai karanta ba, ya danna e. Ta yi 'yar ƙarar nan mai kama da murƙushe takarda, aka wuce mataki na gaba.

Ƙarfe biyu Sakatariya ta dawo da Inna, a gajiye, ta tarar da shi a kujerarta yana washe haƙora.

Ya ce, "Anti, zo ki gani. Minti biyu take tashi yanzu. Na kwashe miki sharar shekara da shekaru."

Ta dubi kusurwar allo. Kwandon da kullum take gani da 'yar takarda a bakinsa ya zama wayam. Ta danna shi. Ta sake dannawa. Ta zauna a kan kwalin labule. Shi kuwa bai lura ba, don bai gama cika baki ba.

"Kuma wannan ba komai ba ne, ga babban. Ashe akwai ɗan leƙen asiri a cikinta. Duk harafin da kika danna yana rubutawa, duk ƙarshen mako ya tura wa wani. Kusan shekara huɗu fa. Na tumɓuke shi, da shi da duk abin da ya tara. Har hoto na ɗauka kafin in goge, duba."

Ta karɓi wayar ta karanta adireshin imel ɗin da ake tura wa. Sunan tsohon shagon babban yayanta ne, haɗe da lambar motarsa. Babban Yaya, ɗan farin Inna, wanda suka fito ciki ɗaya. A yini guda an zubar mata da littafi, an kuma nuna mata cewa ɗan uwanta na tsaye a bayanta shekara huɗu yana leƙen abin da take bugawa. Ba ta yi ihu ba, don Inna na zaune a keke tana kallon su. Ta miƙa wa Injiniya wayarsa ta ce, "Tashi daga kujerar nan. Kada ka ƙara taɓa ta." Ta tura Inna ɗaki don ta canza mata kaya ta ba ta abinci.

Da ya bar marigayiya haka, da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma matarsa, wadda ta san sirrin, ta raɗa masa abin da ke cikin kwandon, hankalinsa ya tashi, ya koma kujerar da aka ce ya tashi daga kai. Ya sauke manhaja uku da suka yi alkawarin dawo da abin da aka goge, suka shigo da sababbin tallace-tallace da suka fi na dā rashin kunya. Ya ga wani wuri da aka ce za a iya mayar da kwamfuta yadda take a farko, ya ɗauka farkon safiyar ranar ake nufi, ashe ranar da ta fito daga kamfani ake nufi. Marigayiya ta ɗauki zafi, fankarta ta koma "iiiii", kukan da ba a taɓa jin ta yi ba. Ya ce ƙura ce. Ya kwance mata gefe tana kunne, ya jawo injin share kafet ya zura mata a ciki. Wani abu ya ce "tas", ɗakin ya ɗauki warin ƙonannen roba. Sai ya ce bari ya ciro ma'ajiyarta ya kai wa wani abokinsa, ya ciro, ta suɓuce masa ta faɗi a kan tayil. Sakatariya na ɗakin Inna, cokali a hannu, ta ji "ƙit, ƙit, ƙit", sau uku a jere, daga nan ba ta ƙara jin komai ba.

Washegari da safe ta ɗauki gawar zuwa shagon mai gyara da ke ƙarshen layi, wata mata mai tabarau da ba ta da yawan magana. Matar ta ɗauki ma'ajiyar ta kara a kunne, ta girgiza a hankali, aka ji wani abu na kwaranniya a ciki. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ba.

Ta ce, "Mama, da an kashe ta bayan an zubar da kwandon, an kawo min, da kafin ki gama shayi na dawo miki da komai. Amma an goge, an rubuta wani abu a kai, sannan an yar da ita ƙasa. Mutum ɗaya ne ya yi duka ukun?"

Sakatariya ta ce mutum ɗaya ne, kuma surukin gida ne. Matar ta cire tabarau ta goge, ta ce Allah ya ƙara haƙuri. Har Sakatariya ta kai ƙofa da gawar a rungume sai matar ta kira ta.

"Mama, ɗan leƙen asirin nan da kika ce. In da gaske yana turawa duk mako, to duk abin da kika taɓa bugawa yana wurin wanda ake tura wa. A hargitse zai zo, da kurakurai da duk abin da kika goge kika sake, amma yana nan. Kin san mutumin?"

Sakatariya ta ce ta san shi.

Yau kwana tara ke nan. Kullum ƙarfe huɗu Inna na juya ido wajen ƙofar ɗakinta tana jiran a zo a tura ta. Ranar farko an ce mata kwamfuta ba ta da lafiya. Rana ta uku Sakatariya ta zauna a bakin gado ta gwada ba ta labarin da ka, tunda ita ta buga shi, ita ta karanta shi shekara guda. Ta kai wurin takalmin aro, maganar ta fito da kalmominta ba da na Inna ba, a gyare, sumul. Inna ta rufe ido ta juya fuska wajen bango. Tun ranar Litinin rabin abincinta take ci. Likita ya zo jiya ya duba ta, ya tambaya me ya canza a gidan.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta guda, abokin zamanta na shekaru, wanda ba ya aiki sai an mare shi a gefe, yanzu kuma ba wanda zai mare shi dominsa. Ta bar allon madannai da yatsun Sakatariya suka goge wa rabin haruffa, da linzamin kwamfuta mai ɗaurin salatif, da tagwayen lasifika, ɗaya kurma ce tun haihuwa. Ta bar mayafin da Inna ta saƙa mata da hannun da yanzu ba ya motsi. Ta kuma bar masu ba da mota cikin jimami, shekara shida suna bin Sakatariya da kyautarsu, yanzu ba su san inda za su same ta ba.

Masu niyyar zuwa ta'aziyya su sani akwai maganganu uku da ba a karɓa. Ba a karɓar "ai da kin ajiye a wani wuri". Ba a karɓar "ai dama ta tsufa", don Inna ma ta tsufa, ba a ce a zura mata injin share kafet ba. Ba a kuma karɓar "ai niyyarsa mai kyau ce". Sakatariya ta gaji da masu kyakkyawar niyya da ba sa karanta abin da ke gabansu, ba sa jin kada ka taɓa, ba sa tambayar mai kaya. Injiniya ya aiko da sabuwar kwamfuta a kwali, siririya, an ce ƙiftawar ido take tashi. Tana nan a bakin ƙofa ta waje, ba a buɗe ta ba. Babu maganar Inna ko layi ɗaya a cikinta.

Saura kuma Babban Yaya. Sakatariya ta zauna ta tuna ranar. Wata na biyu da fara littafin ya zo ya ce zai buga takardar tafiya, ya aike ta sayen tawada, ya yi awa biyu shi kaɗai da marigayiya. Ya ji labarin Inna na zama tana faɗa ana bugawa, sai ransa ya ba shi wasiyya ake yi, ana shirin raba shi da gidan Baba. Maimakon ya tambayi uwarsa, ko ya tambayi ƙanwarsa, sai ya dasa musu ɗan rahoto. Shekara huɗu yana karantawa. Ya karanta wasiƙun Sakatariya ga likita. Ya karanta kalmomin sirrinta. Ya karanta wasiƙar da ta rubuta wa 'yarta ranar da suka ɓata, wadda ta goge ba ta aika ba. Sannan ya zo ranar hutu ya zauna a falon nan, ya sha shayinta, ya dubi teburin ya ce, "Wai me ake ta bugawa ne haka?"

To, ya dai gani da idonsa. A shafi ɗari biyu da goma sha huɗu Inna ta ambaci gidan sau ɗaya, inda ta ce rufinsa na yoyo tun ranar da aka gina shi. Shi kuwa ta ambace shi a kusan shafi arba'in. Shi ta goya ta tsallaka ruwa shekarar ambaliya, yana zazzaɓi, ruwa ya kai mata ƙirji. Da littattafansa na makaranta ta koyi karatu in ya yi barcin rana. Duk ya karanta wannan, mako bayan mako, bai cire ɗan rahotonsa ba, bai kuma zo ya durƙusa a gaban tsohuwar nan ba. Sakatariya ta kira shi sau bakwai bai ɗauka ba. Ta tura saƙo, alama ta nuna ya karanta.

Kuma ko cin amanar bai iya yi a kan lokaci ba. Da yake sai wata na biyu ya dasa abin, shafi goma sha tara na farko ba sa wurinsa, ba sa wurin kowa. A can ne sunayen ƙannen Inna suke. Sakatariya ta tuna biyu. Na ukun, ƙaramar cikinsu, wadda ta rasu tana rarrafe, kwana tara ke nan tana juya sunan a kanta ya ƙi zuwa, kuma wadda za a tambaya tana kwance tana kallonta ba baki.

Abin da ya fi ci wa Sakatariya rai a duk wannan al'amari ba Injiniya ba ne, ba ma leƙen asirin ba ne. Shi ne ta tsinci kanta tana roƙon Allah ya sa Yaya bai goge saƙonnin ba. Ita da aka yi wa laifi, ita ce ke fatan mai laifin ya adana kayan satarsa da kyau. Wannan ba za ta yafe masa ba ko da ta yafe sauran.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe uku na yamma, za a lulluɓe marigayiya da mayafinta a kan teburinta, masu son ganinta na ƙarshe su gan ta, kada kowa ya taɓa. Ƙarfe uku da rabi Injiniya zai ɗauke ta shi kaɗai, a rungume, ya sauka da ita hawa huɗu. Lif na aiki, amma ba zai hau shi ba. Zai taka da ita har shagon mai gyara, wadda ta amince ta karɓi gawar ta raba sassanta ga mabuƙata. Ba a yarda ya zo da sukuddireba ba, ba a kuma buƙatar jawabinsa. In ya dawo zai miƙe labulen.

Ƙarfe huɗu za a ajiye kujera ɗaya a bakin gadon Inna. Ta Babban Yaya ce. Ya zo da duk abin da ɗan rahotonsa ya tura masa, a buge a takarda, kada ya cire shafi ko ɗaya, kada ya gyara komai. Hargitsin ba damuwarsa ba ce, Sakatariya za ta warware shi cikin mako biyu, ko da za ta buɗe kwalin da ke bakin ƙofa. Amma ranar shi zai zauna ya nemo shekarar ambaliya, ya karanta wa uwarsa da bakinsa. Sakatariya za ta buɗe masa ƙofa. Ba za ta gaishe shi ba, ba za ta tambaye shi komai ba, ba kuma za ta gaya wa Inna inda ya samo takardun ba.

Inna ba ta san komai a kan wannan ba har yanzu, amma kunnenta ras yake. In ƙarfe huɗu da kwata ta yi kujerar babu kowa, Sakatariya za ta zauna a kanta, ta karanta wa Inna wannan sanarwa daga farko har ƙarshe, ba za ta tsallake layi ko ɗaya ba.